Sai Rodin Ya Yi Zafi

Zuwa ga jikata, amaryata da ta ƙi tarewa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da direban nan da ya ƙwace mini ke, in dai yana gida, don na san baƙo ne shi a ɗakinsa. Ya aikin asibiti? Ya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Yaya, ya kyauta namu ƙarshen.

Ni dai da sauƙi. Gwiwar hagu ta yi mini yaji, ta dama na shirin bin ta. Kunne kuma ya yi nauyin da in ɗana ya kara mini waya sai in yi ta cewa to, to, ban san abin da nake amincewa da shi ba. Shi ya sa na koma biro da takarda. Takarda ba ta yi wa mutum ihu.

Labari ya hawo mana bene cewa da aka raba gado, gidan Yaya ke ya faɗo wa. Ya dace, tunda ke kika yi jinyar kakarki har ta cika. Amma wadda ta kawo labarin ta ƙara da cewa za ki share filin baya ki cinna wa akwatunan katakon nan uku wuta, wai tarkacen tsohuwa ne. To ajiye ashanar tukuna ki saurari tsoho.

Ni na yi akwatunan nan. Kin san ni da kakarki 'ya'yan wa da ƙani ne, gida ɗaya muka tashi, ita ta goya ni, ita ta fara dukana. Shekarar da mijinta ya rasu ta aiko a kira ni daga shago, na zo da sauri ina zaton ƙofa ce ta ɓalle. Na same ta a tsugune a filin nan tana saran ƙasa da fartanya, ƙasar na amsa mata kamar ƙarfe. Magina sun binne ɓaraguzai a wurin, ko ciyawa ba ta yarda ta fito. Ta ce, "Kafinta, zama zai kashe ni. Ƙasa nake so, kuma yin ta zan yi da kaina." Na ce Yaya, ƙasa ai ba a yin ta, tarar da ita ake yi. Ta yi mini irin kallon nan nata. Na je na ɗauko zarto.

Da katakon da ake rufo injuna a ciki na yi su. In kin duba za ki ga ba su da gindi, a kan ƙasa suke zaune kai tsaye, kuma ba mantuwa na yi ba. Allunan gaba babu ƙusa a jikinsu, zare su ake yi sama ɗaya bayan ɗaya. Yaya ta raɗa musu suna. Na kusa da ƙofar kicin shi ne Mai Ci, nan ake zuba ɓawo da ganye da duk abin da kicin ya tofar. Na tsakiya Mai Barci, ba a ba shi komai, juya shi kawai ake yi. Na ƙarshe Mai Kyauta, daga shi ake ɗiban takin da ya nuna a kai wa shuka. Duk tumatirin da kika ci a gidan nan tun kina rarrafe, daga bakinsa ya fito.

A jikin katanga akwai guntun rodi a jingine. Ki soka shi tsakiyar Mai Barci har ya nutse, ki je ki sha shayinki, ki dawo ki zare ki damƙe shi a tafin hannu. In kin ji sanyi, kunna wutarki, ban ce komai ba. In kin ji ɗumi, ki rubuto mini.

Kakanki, tsohon kafinta.

*

Kaka, tsohon angon da bai taɓa kawo cefane ba,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, a tsaye na karanta ta a bakin ƙofa da kayan aiki a jikina. Muna lafiya. Maigidan yana hanya, ya ce in ka ƙara kiransa baƙo zai zo ya loda ka a bayan mota tare da buhunan siminti. Gwiwar nan ka riƙa gasa ta da ruwan ɗumi, kuma ka daina wasa da maganin da aka rubuta maka, na san halinka.

Gaskiya ne na yi niyyar ƙona su. Tun rasuwar Inna ban leƙa wurin ba, na ɗauka shara ce ta taru. Amma na yi yadda ka ce. Kaka, da ɗumi. Ba zafi ba, ɗumi irin na goshin yaron da zazzaɓi ya fara sakinsa. Na tsaya riƙe da ƙarfen na rasa abin yi. Inna ta yi watanni a ƙasa, gadonta ya huce, murhunta ya huce, amma ga abin da ta haɗa yana ta aikinsa, ba wanda ya gaya masa.

Na ɗaga murfin Mai Ci. A sama akwai ɓawon lemo ya bushe a murɗe, dogo, bai tsinke ko'ina ba. Ita kaɗai ke fere lemo haka. Na mayar da murfin na koma ɗaki.

To ba zan ƙona ba, amma sun ji jiki. Allunan ƙasa sun ruɓe, gara ta cinye ƙafar na tsakiya har ya karkata kamar barcin gaske yake yi. Mai Ci kuwa wari, ga ƙudaje, maƙwabciya har ta fara yi mini tari ta katanga. Maigidan yana son wurin don ya jibge tayoyinsa, na ce ya dakata. Ni allura da bandeji na sani. Ka koya mini dalla-dalla, amma ban da tatsuniya, don kai in an tambaye ka ƙusa sai ka faro daga ranar da aka haifi maƙerin.

Jikarka, malamar asibiti.

*

Amarya,

Na amsa gaisuwa, na kuma amsa faɗan magani. Ina sha, in na tuna. Ina fata kuna lafiya, kuma direba ya dawo da motarsa da ƙafafunta duka.

Maganar ɓawon lemo, da na kai wurin na ajiye takardar, sai da yamma na iya ƙarasawa. Ba zan ce komai a kai ba.

Kin ce ban da tatsuniya, to ga aiki tsagwaronsa. Ki je wajen kowane kafinta ki ce a ba ki allunan da ba a taɓa yi wa fenti ba. Ƙafar da gara ta ci a sa sabuwa, amma kafin a kafa ta a babbaka gindinta a wuta har ya yi baƙi, gara ba ta shiri da gawayi. Ki roƙi buhun garin katako tunda kina wurin, zai ba ki har da godiya, mu kafintoci neman kai muke yi da shi. Warin nan, Mai Ci ne aka ɗura wa jiƙaƙƙe babu busasshe. Duk bokitin ɓawon da kika zuba ki bi shi da bokitin busasshen ganye, ko yagaggen kwali, ko garin katakon. Ban da nama, ban da ƙashi, ban da mai, in ba so kike ɓerayen unguwa su yi miki mubaya'a ba. In kin damƙi takin, ya zama kamar tsumman da aka wanke aka matse, da laima amma ba ya ɗiga.

Sai juyi, shi ne wahalar. Ki zare allunan gaba ki sa shebur mai yatsu, takin gefe ya koma tsakiya, na tsakiya ya fito gefe, ya sha iska. Yaya da sassafe take yi, tana juyawa tana yi wa duk wanda ya ɓata mata rai faɗa, ba ya nan. Ni kaina na sha zagi a wurin nan ina wani gari. Aiki ne mai son mutumin da ke gida kullum, wanda ba shi da inda za shi, ya leƙa da safe ya leƙa da yamma. Ke kuwa ga aikin rana ga na dare. Ban san yadda za ki yi ba.

Mu nan muna can sama, ƙasar da ta fi kusa da ni ita ce ƙurar kan talabijin. Kwanaki na samu tsohon bokitin fenti na ɓoye a baranda ina tara ɓawon ayaba, don dai hannu ya samu abin taɓawa. Matar ɗana ta bi wari ta gano. Ba ta yi faɗa ba, yarinya ce mai ladabi. Ta dai ɗaure shi a baƙar leda ta ba mai shara, sannan ta tambayi mijinta a hankali ko Baba ya fara rikicewa ne. Sun ɗauka ba na ji. Ba na jin, amma ina gani.

Da ido kuma na gano an yi wa ɗana canjin wurin aiki. Ƙarshen shekara za su tashi, gidan da ma'aikatar za ta ba shi ɗaki biyu ne, ga yara sun girma. In na shigo falo sai magana ta tsaya, a fara tambayata ko zan sha ruwa. Ina jin shawara ta karkata a kai ni wurin ƙanwarsa, can inda take aure, tafiyar da sai an kwana a hanya, garin da ban san kowa ba sai ita.

Af, ɗan ɗakin nan na baya mai kallon akwatunan, rufinsa bai fara yoyo ba? Ni na buga kwanon, shi ya sa na tambaya.

Kakanki.

*

Kaka,

Ina gaisuwa, ina fata gwiwa ta lafa. Mu lafiya lau sai gajiya, an rage mana ma'aikata, shi ya sa ka ji ni shiru.

Albishirinka, akwatunanka sun miƙe. Kafintan bakin titi ya zo ya duba ya ce wanda ya yi wannan ya san hannunsa, na ce ya rage murya kada kan mai shi ya ƙara girma. Garin katako ya kashe warin, maƙwabciya ta warke daga tarinta.

Ranar hutuna na sa safar hannu da takunkumi na zare alluna zan yi juyi. Kaka, me ya sa ba ka gaya mini ba? Shebur ɗin farko da na ɗago sai ga tsutsotsi, farare ƙatti kamar babban yatsa suna nannaɗewa, ga wasu jajaye dogaye a cukurkuɗe, ga ƙananan ƙwari suna gudu ta ko'ina. Na yar da shebur na yi baya. Ni na san inda nake ganin tsutsa, a mikin da aka bari ya lalace. Na ce watannin da ba a kula ba ne cuta ta shiga, ga shi kusa da kicin, ga yaran maƙwabta suna shigowa.

Kada ka damu, na magance. Na sayo jarka guda ta irin maganin da muke wanke ɗakin tiyata da shi, na sirka na kwarara wa Mai Ci da Mai Barci har ya ratsa ƙasa. Mai Kyauta ma na ba shi nasa don rigakafi. Washegari ko motsi babu. Yanzu wurin fes, ba ƙuda ko ɗaya. Rodin dai ya daina ɗumi, ya gama nuna ke nan ko? Yaushe zan fara ɗiba?

Ɗakin baya ba ya yoyo, kwanonka na nan daram. Maigidan ya cika shi da tayoyi tunda na hana shi wurin akwatunan. Canjin aikin Kawu kuwa Allah ya sa haka ya fi alheri. Wurin 'yarka ai hutawa za ka yi, ka samu mai lallaɓa ka.

Jikarka.

*

Jikata,

Na gaishe ki. Ina lafiya, ko in ce ina lafiya kafin takardarki ta zo. Na karanta, na goge tabarau na sake karantawa ko za ta canza. Ba ta canza ba.

Yarinya, waɗanda kika kashe su ne ma'aikatan. Fararen gwazarma ce, jajayen tana ce, akwai kuma waɗanda ido ba ya gani, dangin waɗanda kuke yaƙa a asibiti amma ba halinsu ɗaya ba. Su ke cin ɓawo su mayar da shi ƙasa. Ɗumin da kika ji a rodi numfashinsu ne. Don su na ƙi yi wa akwatunan gindi, su samu hanyar hawowa. Yaya in ta ga tana a bakin hanya bayan ruwa, ɗauka take ta ƙulle a gefen zani ta kawo gida. Shekaru tana tara jama'ar nan, ke kin sallame su da jarka ɗaya. Ba nuna ya yi ba, mutuwa ya yi. An bar miki abu da ransa, ya mutu a hannunki.

Na san ban gaya miki ba. Ban taɓa zaton akwai wanda sai an gaya masa ba.

Kada ki kai ko cokali ɗaya gindin shuka. Ki kwashe duka ukun ki fitar, ki kankare ƙasar da suke zaune a kai, ki wanke katakon da ruwa zalla ki bar rana ta gasa shi. Sannan ki faro kamar yadda Yaya ta faro, ganye, ɓawo, kashin kaji in kin samu. Ki nemi mai taki mai rai ki roƙi bokiti guda ki binne a tsakiya, shi ne irin. Zai ɗau lokaci. Ba ya jin lallashi, ba ya jin tsawa.

Yanzu ga wata magana, sau ɗaya zan faɗe ta don ban saba ba. Ba don kwano na tambayi ɗakin baya ba, na san aikina ba ya yoyo. So nake in zo in zauna a cikinsa. Kayana akwati ɗaya ne da jakar kayan aiki. Ba ni da ci. Zan riƙe miki akwatunan, in yi juyi a zaune in tsayuwa ta gagara, in buɗe wa direba ƙofa in ya dawo. A unguwarku na yi ƙuruciyar aikina, akwai ƙofofin da ni na rataya su, akwai sauran tsofaffin da za su gane ni. Wurin 'yata za a kula da ni, na sani, irin kulawar da ake yi wa farantin tangaran a cikin kabad. Ban gaya wa ɗana ba, ke ma kada ki gaya masa. In babu hali, ba na son ya san na nema ban samu ba. Ki yi shawara da mijinki. Akwai lokaci har ƙarshen shekara.

To na faɗa, kunya kuma ta ishe ni. Tashi ki ba ni wuri, mai kashe ma'aikata. Kada in ƙara ganin takardarki sai rodin nan ya yi zafi.

Kakanki.

*

Kaka, angona,

Ya yi zafi! Amma bari in gaishe ka tukuna kada ka ce ba ni da tarbiyya. Ina fata kana lafiya, da gwiwa da kunne da su Kawu. Mu lafiya ƙalau.

Yau da safe na zare rodin na yar da shi ba shiri, har yanzu tafin hannuna ja ne. Tururi na fita daga ramin da ya bari. Na zauna daɓas a ƙasa ina dariya, maƙwabciya ta leƙo tana tambayar ko lafiya.

Takardarka ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Da ka ce abu ya mutu a hannuna na san taki kake nufi, amma Inna ma a hannuna ta cika, sai da na yi kwanaki ban iya kallon wurin ba. Daga baya na ce tsohon nan sai na ba shi mamaki. Ka ce kada ka ga takardata sai ya yi zafi, na ce to mu zuba.

Ban san haka abin yake da taurin kai ba. Karon farko ruwan sama ya yi masa yawa ya zama caɓi, na kwashe. Na biyu na rufe shi da kwano, aiki ya sha kaina, ya bushe ƙayau har ana iya karanta rubutun kwalin da na zuba. Mai kula da furannin asibitinmu ya ba ni bokitin takinsa, na rungumo shi a cinya a motar haya, mutane suna ta matsawa suna ba ni wuri kamar wata babba. Masu kaji kuwa in sun hango ni sai su ce ga malamar asibiti mai neman abin da kowa ke gudu. Kullum in soka rodi, in zare, sanyi. Na rubuta maka takarda ba ɗaya ba na yaga, don ba ni da abin nunawa.

Ɗaya maganar kuwa, Kaka, ai ba ta buƙatar shawara. Ranar da na karanta na amsa a raina. Maigidan da ya dawo ya ce me ake jira, dama yana neman abokin gardama. Shi da kansa ya kwashe tayoyinsa. An yi wa ɗakin farin fenti. Gadon Inna na sa an rage masa ƙafa saboda gwiwarka, an kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, an cike matakalar bakin ƙofa ta zama gangare. Na ajiye maka kujera daidai inda in ka zauna shebur zai kai Mai Barci. So na yi ka tarar da komai a shirye kada ka samu abin kushewa, ko da yake na san sai ka samu.

Shekara ba ta ƙare ba, da saura. Ka gaya wa Kawu, ko ka bar ni in kira shi. Maigidan ya ce ka sa rana, kuma a gaba za ka zauna, ya fasa maganar siminti.

Jikarka mai tayar da ma'aikata.

*

Amaryata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida direba gaisuwar da ta fi ta kullum. Ki duba hatimin ambulan, za ki ga ba daga inda kika saba ba ne. Takardarki ta je tsohon gida ta tarar da wasu mutane a ciki, ta yi zamanta wurin mai gadi, ta bi ɗana sabon wurin aikinsa, shi kuma ya ba wani mai zuwa nan. Ta fi ni yawo, kuma ta iso da ƙafafunta lafiya, abin da ni ban yi ba.

Ma'aikatar ɗana ba ta jira ƙarshen shekara ba. Wanda zai canza a can ya ajiye aiki, aka ce ya taho maza. Ana ɗaure kaya ya zo ya durƙusa ta wajen kunnena mai ɗan ji ya ce, "Baba, akwai inda kake so a kai ka?" Yaron kirki ne, da gaske ya tambaya. Ni kuwa tun da na aika miki waccan takardar nake sauka bene da gwiwar nan ina tambayar mai gadi ko an kawo saƙo, har ya koma girgiza mini kai tun daga nesa don ya rage mini tafiya. Na dubi tsawon shirunki na ce amsar ke nan, yarinyar nauyin cewa a'a take ji. Na tuna abin da na rubuta a ƙarshe, amma ban zaci akwai sauran mai ɗaukar maganata da nauyi haka ba. A gidan ɗana na saba in faɗi abu ya bi iska. Na ɗauki biro, na tuna na ce sau ɗaya zan faɗa, na ajiye. Sai na ce masa, kai ni wurin ƙanwarka.

Hanya ta karɓi rabonta. Inda muka tsaya kwana na zame a banɗaki, ƙashin ƙugu ya tsage. An yi aiki, an sa ƙarfe, ke kin fi ni sanin sunansa. Yanzu da wani abin dogarawa mai ƙafa huɗu nake tafiya, daga gado zuwa ƙofa, in huta, in dawo. Likita ya ce doguwar tafiya a mota in cire ta a raina. Shebur ma haka.

Ko da likita bai faɗa ba, akwai wani abu. Surukina ya raba falonsu biyu da katakon filawud saboda ni, yaransa a takure suke kallon talabijin. Shi ya buga da kansa. Ƙusoshin sun yi kusa da baki, katakon ya fara tsagewa, layin ya karkace, kullum ina kwance ina kallonsa ban ce uffan ba, ki shaide ni in ana maganar masu haƙuri. 'Yata ta rufe kekenta na ɗinki tana jinyata, duk wanda ya shigo dubiya sai ta ce, "Baba ai ni ya zaɓa." Kin ga mutum ba ya tashi daga nan ya ce dama wani wurin ya so.

Kada ki zargi kanki. Ni na kafa doka ke kika bi, kuma kin tayar da abin da na ɗauka ya tafi ke nan. Labarin bokiti a motar haya ya sa ni dariyar da sai da ɗinkin ya amsa. Yanzu ki bar shi ya yi zafinsa. In ya fara sauka ki juya, zai sake hawa. Ran da kika juya ya ƙi hawa, ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa, wannan sanyin na nuna ne, ki mayar da shi Mai Kyauta. Kada ki adana shi don tunawa da kowa. Ki zuba wa ƙasa ki shuka abin da za ku ci.

Ɗakin kuma kada ki kulle. Cikin abokan aikinki ba za a rasa wadda ta zo daga nesa ba ta da wurin sa haƙarƙari ba. Gadon zai yi mata ƙasa, ta yi haƙuri.

Abu na ƙarshe. Na janye dokar, ki riƙa rubuto mini, da zafi da sanyi. Sai dai idona ya fara bin sawun kunnena, wannan ma da ƙyar nake ganin layi, nan gaba kaɗan 'yata ce za ta riƙa karanta mini. Ki ba ni labarin taki, da na direba, da na maƙwabciya. Ɗakin baya kada ki ƙara ambatarsa.

Kakanki, kafinta.